Jinin Wa Aka Ɗiba? Lacca kan Gado da Gigin Tsufa

An gabatar da wannan lacca a Birnin Kebbi gaban ɗaliban likitanci da na jinya da wasu ma'aikatan lafiya. Daga faifan murya aka rubuto ta, an bar maganar kamar yadda ta fito.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ke gaba, iyayena, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To, alhamdu lillahi. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku ƙaraso, ga kujeru nan ta hagu.

An nemi in yi magana a kan gigin tsufa da gado, wato ko cutar mantuwa tana bin jini. Ni kuwa abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsara binciken kansa. A wannan fanni, tsarin bincike yana iya juya amsa ta koma kishiyarta, alhali babu wanda ya yi ƙarya, babu na'urar da ta lalace. Abu huɗu na rubuto a takardata: wa ya rayu har aka same shi, wa ya yarda ya shiga, yaya aka gane mai cutar, sannan jinin su wa aka fi dubawa a duniya.

Amma bari mu share fage tukuna. Ba kowace mantuwa ce cuta ba, kowa yakan manta inda ya ajiye makulli. Muna magana ne a kan tsohuwar da za ta ci tuwo ta wanke hannu, jim kaɗan ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Dattijon da ya ɓace tsakanin gidansa da masallacin da ya tsufa yana salla a ciki. Uwar da za ta dubi ɗan cikinta ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. A gida sai mu ce tsufa ne. Wani lokaci kuma, Allah ya kiyaye, a jingina mata maita. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, irin namu. Tana da ire-ire, amma mafi yawanta, kashi 60 zuwa 70, ita ce wadda ake kira Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu tana da shekara 55.

Gadon kuma iri biyu ne. Akwai gidaje 'yan ƙalilan da cutar ke sauka kai tsaye daga uba ko uwa, ta kama mutum tun yana shekara arba'in da wani abu. Mafi shahara wata babbar zuriya ce a yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya, wadda marigayi likita Francisco Lopera ya ƙare rayuwarsa yana bibiya. Irin wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Sauran duka gado ne na ƙarin haɗari kawai, ba hukunci ba. Babba a nan ita ce ƙwayar gado da ake kira APOE, a kuromosom na 19, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke jikinmu. Nau'inta uku: e2, e3, e4. Kowa yana ɗauke da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna e4 tana ƙara haɗarin Alzheimer. A 1997 aka tattara bincike masu yawa aka ga cewa a Turawa mai e4 guda ɗaya haɗarinsa ya ninka kusan sau 3, mai biyu kusan sau 15. A Japan mai biyu ya haura sau 30. A baƙaƙen Amurka kusan sau 6. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

To, na farko. Wa ya rayu?

'Yan Argungu, ina kuke? Ga hannuwa can. Kun san ranar su a Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa. A ce baƙo ya tsaya a bakin ruwa ya auna duk kifin da aka fito da shi, sannan ya koma garinsu ya rubuta cewa babu ƙaramin kifi a wannan kogi. Ma'auninsa daidai ne, lissafinsa daidai ne. Abin da bai duba ba shi ne idon homar. Ƙananan sun zube ta ramuka tun kifin bai iso hannunsa ba. To binciken tsofaffi yana da irin wannan homa, kuma babban raminta mutuwa ce. Ba a ɗibar jinin wanda ke kabari. Duk wanda ka samu yana da shekara 80, wani ne da ya tsallake abin da ya kwashe tsararrakinsa.

Bari in ba ku misalin da ya taɓa ruɗa duniyar likitoci. Wajen 1991, da aka haɗa sakamakon bincike da dama, sai ya fito cewa masu shan taba sigari sun fi tsira daga Alzheimer. An buga wannan a mujallu masu daraja. Har wasu suka fara neman dalili, suna cewa ƙila nikotin ne ke gyara ƙwaƙwalwa. Yaya aka yi binciken? An tara tsofaffi masu cutar a gefe, tsofaffi masu lafiya a gefe, aka tambayi kowa ko ya sha taba. Sai aka ga mashaya sun yi ƙaranci a cikin masu cutar. To ina mashayan suka tafi? Da yawansu ciwon zuciya da dajin huhu da shanyewar ɓarin jiki sun ɗauke su kafin su kai shekarun da gigin tsufa ke kamu. Wanda ya kamu kuma yana shan taba bai daɗe ba ya rasu, bai jira mai bincike ba. Sai a 1998 aka fitar da sakamakon wani bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, inda aka ɗauki mutane kusan 7,000 suna da lafiyarsu, 'yan shekara 55 zuwa sama, aka bi sawunsu. Sai ga shi haɗarin mashaya ya ninka sau biyu har da ɗoriya. Tabar ba ta canza ba, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta canza ba. Tsarin ne ya canza. Na ga wani a layi na uku ya yi murmushi da na ce taba tana kare mutum, yanzu fuskarsa ta koma daidai. (dariya)

Wani zai ce, Malam, ai wannan taba ce, ɗabi'a ce, mutum yana iya mantawa ko ya ɓoye. Ƙwayar gado kuwa da ita aka haife ka, ba ta canzawa. Gaskiya ne ba ta canzawa a jikin mutum ɗaya. Amma tana canzawa a cikin jama'a. Aikin APOE na asali dakon kitse ne a cikin jini. Mai e4 yakan fi yawan kolestarol, yakan fi fuskantar ciwon zuciya. Ma'ana e4 tana kashe wasu kafin ta sami damar ruɗa su. A 1994 aka duba 'yan Faransa da suka kai shekara 100, aka ga e4 a cikinsu kusan rabin yadda take a sauran jama'a ce. Saboda haka idan ka yi bincikenka a kan 'yan shekara 65, ka sami lamba ɗaya. Ka yi a kan 'yan 85, ka sami wata lamba ƙarama, domin masu e4 da suka rage su ne waɗanda wani abu ya kare, ko wata ƙwayar gadon, ko abinci, ko yanayin rayuwa. Kai kuma sai ka rubuta cewa e4 ba ta da ƙarfi. Tana da ƙarfi, waɗanda ta fi ƙarfi ne ba su zo ba. Ina maimaitawa: waɗanda ta fi ƙarfi ba su zo ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Su wa ka ɗauka a matsayin masu lafiya da za ka gwada masu cutar da su? Idan marasa lafiyarka 'yan 78 ne, masu lafiyarka 'yan 62, ai ba ka san su masu lafiya ba ne, lokacinsu ne bai yi ba. Wasunsu nan da shekara goma sha biyar za su koma ɗaya layin.

Yanzu mu dawo gida Najeriya, kuma nan ne zuciyata take. In akwai Bagobiri a ɗakin nan ya yi haƙuri, yau zan yabi Yarbawa. (dariya) A 1992 aka fara wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi a wannan ɓangare, Hugh Hendrie da Kathleen Hall a wancan. Dabarar mai kyau ce ƙwarai. Suka ɗauki Yarbawa tsofaffi a unguwar Idikan ta Ibadan, sama da 2,000, da baƙaƙen Amurka a birnin Indianapolis, su ma sama da 2,000, dukkansu 'yan 65 zuwa sama. Kakannin yawancin baƙaƙen Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su lokacin cinikin bayi, jini ya yi kusa, rayuwa ta yi nisa. Kuma ba asibiti suka zauna suna jira ba, gida-gida suka bi, da ma'auni iri ɗaya a garuruwan biyu.

A 1995 sakamako ya fito. Gigin tsufa a Ibadan kashi 2.29 cikin 100, a Indianapolis kashi 8.24 idan aka haɗa da na gidajen kula da tsofaffi. Nan take aka ce, ai masu cutar a Ibadan mutuwa suke yi da wuri, shi ya sa ba ku same su ba. Tambaya ce mai ma'ana, ita ce maganar homa. Me suka yi? Ba su yi gardama ba, sai suka ci gaba da bin sawun masu lafiyar don su ƙirga sababbin kamu. A 2001 suka buga: a kowace shekara kashi 1.35 a Ibadan, kashi 3.24 a Indianapolis. Tazarar ta ragu, amma ba ta ɓace ba. Kun ga yadda ake amsa zargi a ilimi? Da sabon tsari.

Sai maganar e4. Yarbawa suna ɗauke da ita fiye da Turawa, sama da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da kusan 14. Amma a 1995 suka ce ba su ga alaƙarta da Alzheimer a Ibadan ba. A 2006 suka sake faɗin haka. Labari ya bazu cewa e4 ba ta cin ɗan Afirka. To amma binciken farkon marasa lafiya 'yan kaɗan ne a cikinsa, kuma masu e4 biyu dama ba su da yawa a ko'ina. Da shekaru suka ƙaru, mutane suka ƙaru, a 2014 su da kansu suka fito suka ce masu e4 biyu a cikin Yarbawa haɗarinsu ya ƙaru, sai dai bai kai na Amurka ba. Mutane ɗaya, unguwa ɗaya, masu bincike ɗaya. Yawan mutane da tsawon bibiya suka sauya amsar daga "babu" zuwa "akwai, amma da sauƙi".

Kada kuma ku fita daga nan ku ce na ce duk abin da aka gani a Ibadan kuskuren tsari ne. A'a. Su kansu sun duba ko e4 tana saurin kashe tsofaffinsu, ba su ga haka ba a cikin waɗanda suka riga suka kai 65. Sannan masu bincike a Jami'ar Miami sun nuna a 2018 cewa idan yankin DNA da ke kewaye da e4 na asalin Afirka ne, haɗarin ya fi sauƙi, ko da mutumin a Amurka ko Puerto Rico yake zaune. A 2022 suka gano wata ƙwaya a kusa, wadda a jinin Afirka ake samunta, da ke rage ƙarfin e4 sosai. Wannan halitta ce ta gaske, kuma ƙila magani ya fito daga nan wata rana. Abin da nake nufi, ba za ka iya rarrabe halitta da kuskuren tsari ba sai ka fara zargin tsarin. Kuma ƙofar binciken shekara 65 ce. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai 60 ba, ku yi tunanin abin da ɗan shekara 65 na yau ya ƙetare: ƙyanda, agana, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro, haihuwa a gida, farin 1973. Tsohon Kebbi da tsohon Rotterdam ba ta ƙofa ɗaya suka shigo tsufa ba.

Shekarun ma kansu magana ce. Gigin tsufa yana ninkawa kusan duk shekara biyar bayan 65, saboda haka kuskuren shekara biyar ba ƙaramin abu ba ne. Ku je Kalgo ko Bunza ku tambayi tsohuwa shekarunta. Za ta ce saba'in, ko tamanin, ko ɗari. Ba za ku ji 73 ba. Ba ƙarya take yi ba, ba a rubuta ba ne. 'Yan Ibadan da abubuwan tarihi suka yi amfani, mu ma muna da namu. Baba, lokacin da aka kashe Sardauna kin yi aure? Wannan 1966 ne. Da aka tashi garuruwan bakin kogi a ƙasar Yawuri saboda madatsar Kainji, 'ya'yanki nawa? Wajen 1968. Da aka koma tuƙin dama, 1972. Da aka daina fam da sule aka koma naira, 1973. Ɗalibai, wanda zai zauna ya tsara kalandar irin wannan ga masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kowacce da nata abubuwan, ya yi wa bincike hidima fiye da wanda ya sayo sabuwar na'ura. Ni na fi son in ga wannan a matsayin aikin kammala karatu.

Shugaba yana nuna mini agogo. Har yanzu a na farko muke? To, mu yi sauri.

Na biyu, wa ya yarda ya shiga. A Birtaniya akwai babban rumbun bincike, UK Biobank, mutum 500,000 da aka ɗiba jininsu tsakanin 2006 da 2010. An gayyaci sama da miliyan 9, kashi 5.5 cikin 100 suka amsa. Waɗanda suka zo sun fi sauran jama'a lafiya da ilimi da wadata. Yawa ba ya gyara wannan. Rabin miliyan da suka karkata, sun karkata. Ga kuma wata matsala: 'yan shekara 40 zuwa 69 aka ɗauka, ba su kai shekarun cutar ba. Sai aka ɓullo da dabara, a tambaye su ko mahaifi ko mahaifiya sun yi cutar, wanda ya ce e a lissafa shi kamar rabin mara lafiya. Da wannan aka kumbura adadi. Babban binciken 2022 da ya gano wurare 75 a DNA masu alaƙa da cutar, fiye da kashi ɗaya cikin uku na "marasa lafiyarsa" irin waɗannan 'ya'ya ne. A 2024 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka nuna inda gizo ke saƙa. A bayanan da likita ya tabbatar, ƙwayoyin gado masu tafiya da zurfin karatu suna tafiya da ƙarancin cutar. A bayanan "babana ya yi", sai abin ya juye, kamar karatu ne ke jawo ta. Dalili? Iyayen masu ilimi sun fi daɗewa a duniya har su kai ga kamuwa, kuma 'ya'yansu sun fi sanin sunan cutar su faɗa. Wanda ubansa ya rasu yana 55 sai a rubuta "babu". Mun sake komawa na farko ke nan, kun gani.

Yanzu ku kawo wannan tambaya nan. Ka tsayar da magidanci a Jega ka ce, mahaifinka ya ruɗe kafin ya rasu? Wa zai amsa maka e? Kunya ba za ta bari ba, girman iyaye ba zai bari ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Zai ce Baba ya cika da hankalinsa da kalmar shahada.

Na uku, asibiti. A'a, wannan ma cikin na biyu yake, amma bari in faɗa. Tun 1946 masanin ƙididdiga Joseph Berkson ya yi gargaɗi cewa mutanen asibiti ba su ne jama'a ba. Wace tsohuwa ce ke isa gaban likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Sakkwato? Wadda ke da ɗa ma'aikaci, da kuɗin mota, ko wadda cutar ta sa ta fita tsirara ko faɗa. Mai shiru a ɗaki ba a kawo ta. Matan da ke kulle, in ba mace ce mai tambaya ba, ba a ganin su. Ƙauyukan Danko-Wasagu da na Zamfara da rashin tsaro ya tasa, mai bincike ba ya zuwa, tsofaffinsu sun watse. Ga kuma haɗarin cakuɗa ƙabilu. Jihar nan akwai Kabawa, Fulani, Dakarkari, Kambari, Zabarmawa, Gungawa, Dukkawa. Fulani da yawa suna da ƙwayar gado da ke sa babba ya narkar da madara ba damuwa. A ce marasa lafiyarka yawancinsu daga ƙasar Gwandu suka zo, masu lafiyarka kuwa ka ɗebo su a Zuru don can ka fi samun sauƙi. Kwamfuta za ta nuna maka ƙwayar madara tana da alaƙa da gigin tsufa. Ba cuta ka gano ba, asali ka gano. Akwai lissafin da ke gyara wannan, amma sai in ka san da matsalar.

Sai gane mai cutar. Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya tun 1975 yana cewa ka faɗi kwanan wata, ka riƙa cire 7 daga 100, ka rubuta jimla, ka kwafi zane da biro. Iyarmu da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi, alhali ita ke riƙe da adashin unguwa a kanta, ta san yau nawa ga watan Musulunci, ta san ranar kasuwar kowane gari. Sai a sa ta a layin masu cuta. 'Yan Ibadan suka ce a ba ta tsinken ashana huɗu ta jera yadda aka nuna mata, a kuma tambayi wanda ke zaune da ita ko ta canza daga yadda take. Ga kurumta, ga yanar ido, ga ciwon damuwa, duk suna kama da mantuwa. Ko a Amurka, wani bincike na 2012 da ya duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa ya nuna kusan ɗaya cikin shida da ƙwararru suka ce Alzheimer ce, ba ita ba ce. Mu kuwa muna gaggauta jana'iza, ga hawan jini da ƙananan shanyewa da ke kawo nasu irin gigin. Idan ka haɗa cututtuka uku a layi ɗaya, alamar kowacce za ta dushe.

Na ƙarshe a taƙaice. A 2009 kashi 96 cikin 100 na mutanen da ke cikin manyan binciken gado Turawa ne. A 2016 ya sauko zuwa 81, masu asalin Afirka kusan kashi 3, kuma yawancinsu baƙaƙen Amurka. Alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Da aka duba baƙaƙen Amurka su kaɗai a 2013, sai wata ƙwaya mai suna ABCA7 ta fito da ƙarfin da ba a gani a Turawa ba. An kafa shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka, akwai kuma haɗakar masu binciken gigin tsufa ta Afirka da Farfesa Rufus Akinyemi ke jagoranta daga Ibadan. Amma Bayarabe ba Bakabe ba ne. Na ga hannu a can baya tun ɗazu. Shugaba, a ba shi.

(Wani dattijo daga cikin masu sauraro): Salamu alaikum. Likita, mun gode. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙauye. Tsohuwata tana cikin wannan hali, yau da gobe. In waɗannan masu bincike sunka zo sunka ce a ba su jininta, in ba su? Mutanenmu suna tsoro. Kuma ni, in auna nawa in san ko zan yi?

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiya. Tsoron mutanenmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Ba zan ce maka ka manta ba.

Abin da zan ce, ka tambaye su. Ina takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike? Ƙasar nan tana da kwamiti na ƙasa da ƙa'idoji rubutattu, manyan asibitoci suna da nasu. Ina za a kai jinin, wa zai riƙe shi, har yaushe? Za a cire sunanta? In kun fasa daga baya, za a yarda? A yi muku bayani da Hausa, ba a miƙo takardar Turanci a ce dangwala ba. Tun da hankalinta ba ya kama bayani, kai ne za ka yarda a madadinta, amma in ta janye hannunta ta ce a'a, a'a ɗin ce. Idan suka amsa waɗannan da kyau, ni ina roƙon ka ka yarda. Gidan da ya ƙi, tsohuwarsa ba ta cikin lissafi, kuma gwaji da maganin da za su fito gobe za a auna su ne a kan waɗanda ke ciki.

Naka gwajin kuwa, ban ba ka shawarar ka kashe kuɗinka ba. Akwai masu e4 da suka kai 90 da hankalinsu garau, akwai marasa ita da suka kamu. Lambobin da za a karanta maka ma daga Turawa aka samo su, ka ji yadda suka bambanta a Ibadan. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar: hawan jini, ciwon suga, taba, kurumta, raunin gani, buguwar kai, kaɗaici, da sauransu. Kai ma'aikacin lafiya ne, na'urar awon jini tana kan teburinka, ka fara da hannunka. Ita kuma Hajiya a duba mata jini da suga da kunne da ido, a duba magungunan da take sha, domin wasu suna ƙara ruɗewa. Kada a kulle ta a ɗaki, kada a yi gardama da ita in ta ce ba ta ci abinci ba, a ƙara mata kaɗan. A dinka mata lambar wayarka a jikin zane saboda ɓata. Kuma a raba ɗawainiyar, kada a bar wa matarka ita kaɗai.

An ce an kira salla. Baba, ka same ni a nan gaba bayan mun idar, ka gaya mini magungunan da take sha. Sauran masu tambaya ku rubuta a takarda ku ba shugaba. Wassalamu alaikum.